Tunawa da Hafsan Sama: Nazari a kan Rayuwar Wazirin Dutse Mukhtar Muhammad

Kafin mu shiga nazarin, ya kamata mu fayyace kalmomi biyu. Hafsan sama shi ne jami'in da ya sami kwamishan, wato takardar naɗi ta shugaban ƙasa, a rundunar mayaƙan sama, ko yana tuƙa jirgi, ko yana kula da injinsa, ko yana tsara tashinsa daga ƙasa. Tunawa kuwa, a nan, muna nufin abin da al'umma ta zaɓa ta riƙe daga rayuwar mamaci bayan an tashi daga zaman makoki. Misalinmu shi ne marigayi Mukhtar Muhammad, Wazirin Dutse, wanda aka haifa a 1944, ya rasu a Landan ranar 1 ga Oktoba 2017, yana da muƙamin Eya Bayis Mashal, daidai da Manjo Janar a sojan ƙasa. Muna iya kasa rayuwarsa gida uku: kaki, mulki, da gida.

Kashin kaki shi ne tushe, kuma ba ya fahimtuwa sai an dubi rundunar da ta rene shi. An kafa rundunar sojan saman Nijeriya bisa doka a 1964, Jamus ta Yamma ce ta ɗauki nauyin gina ta, har kwamandanta na farko, Kanar Gerhard Kahtz, Bajamushe ne. Samarin da aka ɗiba a shekarun farko an tura su Habasha da Kanada da Indiya da Jamus koyon aiki. Shekara uku kacal da kafuwa Yaƙin Basasa ya ɓarke, aka shigo da jiragen MiG na Tarayyar Sobiyet, mutanen da suka koyi aiki a hannun Jamusawa suka koma koyon injin Rasha ana tsakiyar yaƙi. A irin wannan makaranta tsarar Mukhtar suka taso. Aikin jirgi ba ya karɓar ganganci. Kafin a tashi sai an zagaya jirgin an duba taya da fiffike da mai, an bi takardar dubawa layi-layi, domin kuskure ɗaya a sama ba a cika samun damar gyara shi ba. Muna ganin wannan horo ne ya fi komai tasiri a halin hafsan sama.

Kashin mulki gajere ne, amma shi jama'a suka fi riƙewa. Ya yi gwamnan mulkin soja na Jihar Kaduna daga 1977 zuwa 1978, zamanin Janar Obasanjo, lokacin Katsina tana cikin jihar. Abin lura, wanda ya gada, Usman Jibrin, da wanda ya gaje shi, Ibrahim Alfa, duk hafsoshin sama ne.

Kashi na uku, gida, yana da fuska biyu. Akwai gida na iyali: matar hafsa da 'ya'yansa suna cikin aikin ko da ba su sa kaki ba, domin su ke ɗaure kaya duk lokacin da takardar canjin wurin aiki ta zo, yara su sauya makaranta a tsakiyar zango, uwa ta kasa kunne ga ƙarar jirgi da yamma. Akwai kuma gida na asali. Waziri a tsarin masarauta shi ne babban mai ba Sarki shawara, kuma wannan rawani ya riƙe a fadar Dutse zamanin Sarki Nuhu Muhammad Sanusi. Ya shugabanci hukumar gudanarwar Freedom Radio, tashar da ke da reshe a Dutse, kuma bayan rasuwarsa rawanin ya koma kan ɗan'uwansa, Alhaji Bashir Dalhatu.

A ganinmu ta'aziyyar manya takan tsaya ga jera muƙamai, ta yi wa shekara guda ta gwamna babban gurbi, ta bar shekarun bariki da na gida, alhali a can aka gina mutumin. Abokan aikinsa na farko suna ƙarewa, haka dattawan da suka zauna da shi a fada. Muna kira ga masu nazarin tarihi a Jami'ar Tarayya ta Dutse da su ɗauki rakoda su zauna da waɗannan mutane tun suna raye. Allah Ya jiƙan Waziri.