Tarihin Kafuwar Shirin Taswirar Tsuntsaye da Ayarin Arewa

Shirin Taswirar Tsuntsayen Nijeriya, wanda ake taƙaita sunansa da NiBAP, aikin sa-kai ne da aka ƙaddamar a watan Disamba na 2015. Manufarsa ita ce a san irin tsuntsayen da ke kowane yanki na ƙasar, da lokacin zuwansu da na tafiyarsu, a kuma riƙa lura da wanda ke ƙaruwa da wanda ke raguwa. Cibiyar shirin tana Jos, amma aikin kansa a gonaki da fadamu da bakin gari ake yinsa. Rukunin da ke ɗauke da nauyin jihohin Arewa, har da Jihar Katsina da ƙasar Daura, shi ne Arewa Atlas Team, wato Ayarin Arewa.

Tushen wannan aiki ya girmi shirin da fiye da shekara hamsin. A watan Fabrairu na 1964 aka kafa Ƙungiyar Masana Tsuntsaye ta Nijeriya. Waɗanda suka jagoranci kafa ta su ne John Elgood, farfesan ilimin dabbobi a Jami'ar Ibadan, da Robert Sharland, wani Bature mazaunin Kano. Mujallar ƙungiyar kuwa a Zariya aka fara shirya ta, a hannun Hilary Fry, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya yi suna wajen nazarin tsuntsun nan mai jan maƙogwaro da ke cin ƙudan zuma, yake kuma haƙa ramin sheƙarsa a gaɓar rafi. Sharland ya shafe shekaru yana kama tsuntsaye a kewayen Kano, ya sanya musu ɗan zobe mai lamba a ƙafa, ya sake su. Da irin wannan zobe ake tabbatar da cewa ƙaramin tsuntsun da ake gani a fadama da rani, a Turai aka ƙyanƙyashe shi, kuma can zai koma idan bazara ta ƙarato. A ƙarshen shekarun 1970 ƙungiyar ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma baki ɗaya, mujallarta ta koma fitowa da sunan Malimbus daga 1979, cikin Turanci da Faransanci. A wannan mujalla ce Sharland da Roger Wilkinson suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a 1981. A lokacin ba a cire Jigawa daga Kano ba, saboda haka jerin ya taɓo har ƙasar Kazaure, maƙwabciyar Daura ta kudu.

Aikin waɗannan mutane yana da daraja, kuma har yau ana komawa gare shi. Sai dai yana da giɓi babba. Masu yinsa 'yan ƙalilan ne, yawancinsu baƙi, kuma inda suke zaune ko inda mota ke iya kai su nan suke dubawa: Kano, Zariya, Jos, Ibadan, Legas da gaɓar Tafkin Cadi. Littafin Elgood na tsuntsayen Nijeriya, wanda ya fito a 1982 aka sake buga shi da ƙari a 1994, ya tattara abin da aka sani, amma manyan yankuna na karkara sun kasance babu wanda ya taɓa rubuta tsuntsayensu. Manomi da makiyayi da maharbi sun san su sarai, da sunayensu da halayensu, illa dai wannan sani bai shiga takarda ba.

Matakai biyu suka share fage kafin a cike wannan giɓi. Na farko shi ne kafa Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, NCF, a 1980 ƙarƙashin jagorancin Cif S. L. Edu. Da hannunta, tare da ƙungiyoyin ƙasashen waje, aka soma aikin kare dausayin Haɗeja da Nguru a 1987, inda dubban agwagin ruwa da sauran tsuntsayen Turai ke sauka kowace shekara. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarci mafakar tsuntsaye ta Dagona a 1989, kuma a 2000 tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sanya cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. A wannan aiki 'yan ƙasa da dama suka fara koyon ƙidayar tsuntsayen ruwa, wadda ake yi a watan Janairu.

Mataki na biyu, wanda ya fi tasiri, shi ne kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka fi sani da APLORI, a 2001. An gina ta a dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, gabas da Jos, bisa haɗin gwiwar attajirin nan Anastasios Leventis da Jami'ar Jos da NCF da al'ummar Laminga. Cibiyar tana ba da digiri na biyu a fannin kare halittu, tana ɗaukar ɗalibai daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Da shekaru suka tafi, waɗanda ta yaye suka bazu a jami'o'i da kwalejoji da hukumomin gandun daji. Wannan ne ya sa a 2015 aka samu abin da babu shi a 1964: mutanen gida, a kusan kowace shiyya, waɗanda suka iya tantance tsuntsu da ido da kunne, suka kuma iya koyar da wasu.

Tsarin aikin daga Afirka ta Kudu aka aro shi, inda aka fara zagaye na biyu na taswirar tsuntsayensu a 2007, Kenya ta biyo baya, Nijeriya ta zama ta uku. An samu tallafi daga Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta Suwizalan, da taimakon fasaha daga Jami'ar Kef Tawun. An rarraba taswirar ƙasar kamar gidajen dara, kowane gida tsawonsa da faɗinsa kimanin kilomita 9. Nijeriya tana da irin waɗannan gidaje sama da 11,000. Wanda ya ɗauki gida ɗaya zai shafe aƙalla awa biyu a cikinsa yana zagaya duk irin wuraren da ke ciki, gona da kurmi da bakin ruwa da cikin gari, yana rubuta kowane irin tsuntsu da ya gani ko ya ji kukansa, bi da bi yadda ya ci karo da su. Yana da damar ci gaba da ƙarawa a jerin har tsawon kwana biyar, daga nan sai a buɗe sabo. Yawancin masu aikin suna amfani da manhajar waya mai suna BirdLasser, wadda ke nuna wa mutum gidan da yake ciki, ta kuma riƙe wurin da aka ga kowane tsuntsu. Idan wani ya turo sunan tsuntsun da ba a saba gani a yankin ba, masu tantancewa sukan nemi ƙarin bayani ko hoto kafin su karɓa.

Hikimar wannan tsari ita ce ba ya buƙatar mutum ya ƙirga yawan tsuntsaye, abin da ko gwani yakan yi kuskure a kansa. Abin da ake nema shi ne: akwai shi ko babu. Idan aka tara ɗaruruwan jeri daga wuri ɗaya, yawan fitowar sunan tsuntsu a cikinsu shi zai nuna ko yana da yawa, kuma idan sunan ya fara ɓacewa bayan shekaru, an gane cewa wani abu ya same shi ko ya sami mazauninsa.

A farkon shirin, yawancin bayanan daga kewayen Jos suke fitowa da wasu manyan birane. Don a faɗaɗa, sai aka bi hanya biyu. Aka ƙarfafa kafa ƙungiyoyin kallon tsuntsaye a garuruwa da manyan makarantu, waɗanda ke fita lokaci-lokaci a kusa da gida. Aka kuma kafa ayari-ayari na shiyya masu tafiya nesa, ɗaya na kudu maso yamma, ɗaya na kudu maso gabas da kudu maso kudu, sai na Arewa. Ayarin Arewa shi ya gaji yanki mafi faɗi. Mambobinsa malaman makaranta ne da ɗalibai da ma'aikata da matasa masu sha'awa, maza da mata, daga ƙungiyoyin jihohi daban-daban. Sukan zaɓi jiha, su duba taswira su ga gidajen da ba a taɓa shiga ba, su haɗu a gari ɗaya, su rarrabu ƙungiya-ƙungiya, kowace da gwani da masu koyo. Da asuba ake fita, domin a lokacin tsuntsaye suka fi kuka da kai-kawo, a huta idan rana ta take, a koma da la'asar. Kafin a shiga gonakin mutane ana fara gaida dagaci ko mai unguwa a yi masa bayani, don baƙon da ke riƙe da madubin hangen nesa da takarda yana iya jawo zargi, musamman a wannan zamani.

Fitar da ta fi shahara ita ce ta Jihar Bauci, daga 24 zuwa 28 ga Satumba 2020. A kwana biyar ayarin ya rufe gida 100, ya rubuta nau'in tsuntsu 222, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsuntsayen ƙasar, waɗanda yawansu ya haura nau'i 900. An buga bayanin wannan fita a 2022 a Ostrich, mujallar nazarin tsuntsayen Afirka, a matsayin darasi ga sauran ƙasashe. Abin lura a nan shi ne akasarin waɗanda suka rubuta bayanin 'yan gida ne, su suka yi tafiyar, su suka tsara ta. A cikin shekara goma na farko shirin ya tara ɗaruruwan 'yan sa-kai, an kuma shiga fiye da rabin gidajen ƙasar aƙalla sau ɗaya. Ƙungiyoyin sukan kuma kai ziyara makarantu, su raya Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya a Asabar ta biyu ta watan Mayu da ta Oktoba, da ranar wayar da kai game da ungulu a Asabar ta farko ta Satumba.

Ƙasar Daura, da ƙananan hukumominta biyar, wato Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, tana da muhimmanci na musamman ga irin wannan aiki saboda wurin da Allah ya ajiye ta. Tana kan iyaka da Nijar, a inda dajin Sudan ke sirancewa yana komawa Sahil, don haka tana cikin wuraren farko a Nijeriya da tsuntsun da ya ƙetaro Sahara a watan Satumba ko Oktoba zai samu inuwa da abinci. Gawo shi ne babban masaukinsa. Wannan itace da damina yake zubar da ganye, ya yi kore da rani, daidai lokacin da baƙin suka iso, sai su samu ƙwari a cikinsa. Aduwa ma haka take ciyar da su. Duk gawon da aka sare a gona ba a bar wani ya taso ba, asara ce ga manomi wajen taki da abincin dabbobi, asara ce kuma ga tsuntsun da ya yi tafiyar dubban kilomita. Madatsun ruwa na Sabke da Daberam, da kududdufai da fadamun da ke riƙe ruwa bayan damina, su ne matattarar zalɓe da balbela da kirinjijiya.

Akwai kuma tsuntsayen da kowa a Daura ya sani, waɗanda labarinsu ke buƙatar rubutu. Shamuwa takan iso gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, ba mai taɓa ta, manoma kuma suna ɗaukar zuwanta alamar a gyara gona. Idan kaka ta yi sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Ranar isowarta, in an rubuta shekara da shekaru, shaida ce mai amfani game da sauyin yanayi. Ungulu kuwa, wadda a da ba a raba ta da mahauta da kasuwa, ta yi ƙaranci ƙwarai a garuruwan Arewa. Guba da farautarta don sayar wa masu tsibbu su ne manyan dalilai, kuma tun 2015 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ta cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Rashinta ba ƙaramin abu ba ne, domin ita ke kawar da mushe kafin ya zama cuta. Gauraka, wanda ake ɗauka tsuntsun ƙasa a Nijeriya, ya kusa ɓacewa daga dajin Arewa. A ɗaya gefen akwai jan-baki, mai afka wa gero da dawa da shinkafa dubbai-dubbai. Sanin inda yake kwana da lokacin da yake tasowa yana taimaka wa manomi, yana kuma rage feshin da ke kashe tsuntsayen da ba su ci ba su sha ba.

Shirin bai rasa matsaloli ba. Rashin tsaro ya hana shiga dazuzzuka da yawa a arewa maso yamma da arewa maso gabas, kuma a nan giɓin taswirar ya fi yawa. Kuɗin mota da masauki sun dogara da tallafi, madubin hangen nesa da littafin tantance tsuntsaye suna da tsada, littattafan kuma da Turanci suke. Matsala mafi girma ita ce gidaje da yawa sau ɗaya tak aka shige su. Ziyara ɗaya tana nuna abin da ke wurin a wannan mako kawai, ba ta nuna bambancin rani da damina, balle sauyin shekaru.

Ayari mai zuwa daga nesa ba zai iya maimaita ziyara a kai a kai ba, sai mazauna wuri. Daura tana da manyan makarantu, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Kwalejin Yusuf Bala Usman, ga makarantun sakandare a kowace ƙaramar hukuma, ga dattawa da maharba da suka san tsuntsayen ƙasarsu da sunayensu na Hausa da Fulatanci. Shiga shirin kyauta ne, kuma malami ɗaya da 'yan ɗalibai da waya guda sun isa su ɗauki gidan da makarantarsu take ciki, su riƙa zagaya shi awa biyu a kowane wata.