Hawan dutsen Fuji na Japan cikin yini guda

Dutsen Fuji shi ne mafi tsawo a ƙasar Japan, inda ƙololuwarsa ta kai mita 3,776. Yana cikin gandun ƙasa na Fuji-Hakone-Izu wanda aka kafa a shekarar 1936, kimanin kilomita 100 kudu maso yammacin birnin Tokyo. Dutse ne mai aman wuta, amma rabonsa da yin aman tun shekarar 1707.

Akan buɗe shi ga masu hawa daga farkon watan Yuli zuwa ranar 10 ga watan Satumba, kuma a 'yan makwannin nan kaɗai mutane fiye da dubu 200 kan hau shi. Hanyoyi huɗu ne ke kaiwa sama: Yoshida da Subashiri da Gotemba da kuma Fujinomiya. Ta Yoshida, wadda ke lardin Yamanashi, ita ce ta fi cunkoso.

Abin da ke sa jama'a raina dutsen shi ne kwalta. An kasa kowace hanya zuwa zango goma, kuma motar safa kan kai mutum har zango na biyar. A hanyar Yoshida wannan zango yana bisa tsayin mita 2,300, wato kusan daidai da ƙololuwar Chappal Waddi na jihar Taraba, dutse mafi tsawo a Najeriya. Daga nan hawan kan ɗauki sa'o'i biyar zuwa bakwai, saukowa kuma uku zuwa huɗu, a kan tsakuwa da tokar aman wuta masu zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Don haka mai ƙarfin jiki yana iya tashi da asuba ya dawo kafin magariba.

Sai dai kuma ƙarfin ƙafa ba ya maganin ƙarancin iska. A ƙololuwar Fuji, iskar da mutum ke samu a kowane numfashi ba ta wuce kashi biyu cikin uku na wadda ya saba samu a bakin teku ba. Jiki yana buƙatar lokaci kafin ya saba, mai hawan yini guda kuwa lokacin ne ba shi da shi, domin da safe yana Tokyo, da azahar ya haura mita 3,000. Alamomin rashin lafiyar sukan soma bayyana daga mita 2,500: ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. Ba ruwanta da ƙuruciya ko motsa jiki. Idan aka yi taurin kai aka ci gaba da hawa, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma duka biyun suna kisa. Likitoci sun yi ittifaƙi cewa maganin da ya fi inganci shi ne saukowa.

Ga kuma sanyi. Ko a watan Agusta, lokacin da ake fama da zafi a Tokyo, ruwa na iya daskarewa a saman dutsen gabanin fitowar rana.

Waɗanda suka fi tayar wa mahukunta hankali su ne masu hawa cikin dare ba tare da sun runtsa ba, don su iske fitowar rana a sama su kuma kauce wa kuɗin kwana a masaukan da ke kan hanya. Japanawa suna kiran wannan ɗabi'a "dangan tozan", wato hawan harsashi. Tun bayan da hukumar UNESCO ta saka Fuji cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2013 ake matsa wa Japan lamba da ta rage cunkoson.

A shekarar 2024 lardin Yamanashi ya kafa ƙofa a zango na biyar, ya ƙayyade mutum 4,000 a rana, ya sa harajin yen 2,000, ya kuma hana shiga daga ƙarfe huɗu na yamma zuwa uku na dare, sai ga wanda ya kama masauki. A 2025 aka ninka kuɗin zuwa yen 4,000, aka dawo da lokacin rufe ƙofar ƙarfe biyu na rana. Lardin Shizuoka, wanda sauran hanyoyin uku ke cikinsa, shi ma ya soma karɓar wannan kuɗi a shekarar.