Boro: yadda tsummokaran manoman Japan suka shiga gidan tarihi

A can ƙarshen arewacin tsibirin Honshu na ƙasar Japan akwai wani yanki da ake kira Aomori, inda dusar ƙanƙara kan rufe ƙauyuka wata da watanni. Auduga ba ta yi a can, sanyi ba ya barinta. Abin da manoma suka dogara da shi wajen sutura wata shuka ce mai zare kamar rama, suna kiranta asa. Mata ne ke ɓare ta, su tsaga, su murza, su saƙa, aikin da kan cinye watanni kafin a samu abin riga ɗaya. Ga shi kuma saƙar sakwa-sakwa ce, iska na ratsa ta kamar rariya.

Kamar sanyin bai isa ba, sai hukuma ta ƙara nata. A 1724 masu mulkin Tsugaru, wato yammacin Aomori ta yau, suka kafa dokar tsimi wadda ta hana manoma sa tufafin auduga. Talaka ba shi da bakin magana, amma matarsa tana da allura. Sai mata suka riƙa bin ramukan saƙar suna cusa zare, layi bayan layi, har yadin ya yi kauri ya riƙe ɗumi. Da farin zaren auduga ya fara samuwa, sai aikin ya fito raɗau a kan yadin da ya sha shuni. Wannan shi ne kogin, kuma da ƙidaya ake yinsa: allura ta tsallake zare ɗaya, ko uku, ko biyar, ko bakwai, kullum mara. Maƙwabtansu na Nanbu su kuma cika suke ƙirgawa.

Ɗinkin gama-gari kuwa, wanda ake kira sashiko, ba shi da wannan lissafi. Shiga da fita ne kawai, kowane taku bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba. Mai ɗinki takan tokare gindin doguwar allura da wani ɗan faranti da ke gindin yatsanta na tsakiya, ta riƙa tattaro yadin a kan allurar har ya taru, sannan ta ja zaren gaba ɗaya ta shafe wurin da babban yatsa don kada ya tattare. Da wannan ɗinkin ake ɗora faci a kan faci. Abin da ya fito daga wannan aiki shi ake kira boro, kuma ma'anar kalmar ba ta wuce tsumma ba.

Su ƙyallayen daga ina? Gwanjo ne. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, jiragen ruwan fatake da ake kira kitamaebune suna tasowa daga Osaka su bi gaɓar yamma zuwa arewa, cikin kayansu har da tsofaffin tufafin auduga da mutanen birni suka gama da su. Matar manomi takan sayi ɗan abin da ta iya, ta wanke, ta warware ɗinkin, ta adana. Ana cewa ƙyallen da zai iya ƙunshe ƙwayar wake uku ba a yar da shi. Kusan duk shuɗi ne, domin shuni ne rinin da talaka ke iya samu, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano zai gane launin da ganin farko.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne donja, wani jibgegen bargo mai siffar riga, cike da tsumma, wanda uba da uwa da yara kan shige cikinsa tare su kwana. Akwai kuma bodoko, shimfiɗar da aka haɗa da ƙyallayen kakanni, wadda a kanta mace kan haihu.

Jirgin ƙasa ne ya karya sana'ar kogin. A 1891 layin dogo daga Tokyo ya iso Aomori, yadin auduga ya yi araha, kogin ya soma ja da baya. Yanagi Soetsu da abokansa, masu fafutukar daraja aikin hannun talakawa, sun yaba kogin a shekarun 1930, amma boro bai samu mai yabo ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta samu wadata, iyalai da yawa suka ƙone nasu ko suka binne, don ba wanda ke son a tuna masa da ranar da ya kwana cikin tsumma.

Wani ɗan Aomori, Tanaka Chuzaburo, wanda aka haifa a 1933, shi ya bi ƙauyuka tun shekarun 1960 yana karɓar abin da mutane ke jin kunyar nunawa, har ya tara kayan gargajiya sama da 20,000. Daga wurinsa mai shirya fina-finai Akira Kurosawa ya samu tufafin manoma na wani fim ɗinsa da ya fito a 1990. A 2009 aka buɗe gidan tarihi na Amuse a unguwar Asakusa ta Tokyo, inda aka baje kayan har aka riƙa barin baƙi su taɓa, kafin a rufe shi a 2019. Tanaka ya rasu a 2013.

Yau a Landan da New York mutane na biyan kuɗi a koya musu yadda za su yi wa wandon jins faci da farin zare, a fili, don kowa ya gani. Ban ga laifin haka ba, gyara ya fi yarwa. Abin da ke ba ni dariya shi ne manyan kamfanonin sutura da ke yayyaga sabon yadi da gangan, su bi shi da faci, su sayar a kan kuɗin da matar manomin Tsugaru ba ta taɓa riƙewa ba.