Tarihin Jinyar Shanyewar Ɓarin Jiki a Kano

Shanyewar ɓarin jiki ciwo ne da ke aukuwa idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai jijiya ta toshe ko kuma ta fashe. Baki yakan karkace, hannu da ƙafa na gefe ɗaya su saki, harshe ya yi nauyi. A unguwannin cikin ganuwar Kano, irin su Soron Ɗinki da Yakasai da Mandawari, an daɗe ana danganta shi da shafar aljani ko jifa, shi ya sa jinyar farko takan faɗa hannun malami mai tofi da rubutu, ko wanzami mai ƙaho.

Tun 1658 likita Johann Wepfer na ƙasar Suwizalan ya nuna cewa zubar jini a ƙwaƙwalwa na haddasa ciwon, amma an shafe ƙarni uku asibiti ba shi da abin yi sai kwantar da mara lafiya. Haka abin yake a Asibitin Birni da aka buɗe kusa da Ƙofar Mata a ƙarshen shekarun 1920, wanda aka sa wa sunan Murtala Muhammad bayan kisansa a 1976. A ɗakin kwanciya na kowa da kowa ake ajiye mai shanyewar jiki, gadonsa kusa da na mai ciwon hanta ko ciwon suga. Buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a 1959 ya ƙarfafa aikin gashi da motsa gaɓoɓi a garin. A kudu kuwa, Farfesa Benjamin Osuntokun da abokan aikinsa sun tattara rajistar masu ciwon a Ibadan daga 1973 zuwa 1975.

Na'urar siti-sikan ce ta fara sauya al'amura. A Landan aka fara ɗaukar hoton kan mara lafiya da ita a 1971, kuma da ita likita ke bambance toshewa da fashewa. Bambancin ba ƙarami ba ne: maganin da ke tsinka jini yana taimakon mai toshewa, amma yana iya zama ajalin mai fashewa. A 1996 Amurka ta amince da allurar narkar da gudan jini, wadda dole a yi ta cikin awa uku, daga baya a 2008 aka miƙa wa'adin zuwa awa huɗu da rabi.

Sai dai abin da ya fi allurar isa ga jama'a bai kai ta tsada ba. A 1993 Peter Langhorne da abokansa suka haɗa sakamakon bincike da dama a mujallar Lancet, suka nuna cewa keɓe ɗaki na musamman ga masu wannan ciwo yana rage mutuwa. Aikin ɗakin duk na kiyayewa ne. Kafin a ba mara lafiya ko cokali ɗaya na kunu, sai nas ta gwada ko yana iya haɗiya, domin idan ya ƙware kunun ya gangara huhu, ciwon huhu ne zai biyo baya. Wanda ya kasa sai a sa masa robar hanci. Ana juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, ana bibiyar jini da suga da zazzaɓi, mai gashi kuma ya fara aiki tun ana kan gado.

A Kano, ƙwarewa a wannan fanni ta zo ne da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. A harabar Asibitin Murtala ya fara zama kafin ya koma mazauninsa na Titin Zariya, inda likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suka yi aiki, cikinsu har da Farfesa Lukman Owolabi. Sai dai matsalar ba ta nisa ba ce: daga Soron Ɗinki zuwa Asibitin Murtala ba wata tafiya ba ce. A gida ake ɓata lokacin: a jira babban wa ya zo, a ɗura ruwan rubutu a bakin da ba ya haɗiya, a ciccibo mutum daga lungu zuwa inda adaidaita sahu za ta iya shiga, sannan a shiga karo-karon kuɗin hoto. Kafin a gama, awa huɗu da rabi ta daɗe da wucewa.

Kano da Zariya na cikin cibiyoyin binciken SIREN kan wannan ciwo a Najeriya da Gana, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta. Rahotonsa na 2018 ya duba masu ciwon fiye da 2,000, ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce, adadin da ya zarce na Turai nesa ba kusa ba. Hawan jini ne kan gaba a musabbabai, da tazara mai yawa. Binciken ya kuma lissafa ciwon suga, teɓa, yawan cin nama, barbaɗa gishiri a kan abinci da ƙarancin cin ganye, alhali zogale da rama da alayyafo ba su yanke a kasuwar Rimi.