Tails

Tails babbar manhajar sarrafa kwamfuta ce da ake ɗorawa a kan filash, a tayar da kwamfuta da ita ba tare da an taɓa abin da ke cikin na'urar ba. An gina ta a kan manhajar Debian, ta fito a 2009. Duk hulɗarta da intanet ta hanyar Tor take bi, don ɓoye inda mai amfani yake, shi ya sa buɗe shafuka kan ɗan yi nawa. Da an zare filash ɗin, kwamfutar za ta mutu, duk abin da aka yi da Tails ya goge, sai abin da aka kulle da kalmar sirri a cikin filash ɗin. Edward Snowden, wanda ya fallasa asirin gwamnatin Amurka, ya yi amfani da ita a 2013. Tana buƙatar filash mai aƙalla gigabayit 8.