Anini a Bakin Gwanjo

A ɗakin kakata ta wajen uwa, a Bodinga, akwai wani tsohon gwangwani da take ajiyewa a ƙarƙashin gado. Tun muna yara mun san abin da ke ciki: kuɗin da ne masu huji a tsakiya, kwabo da sisin kwabo da anini, an zura su a igiyar rama kamar carbi. Ɗaya daga cikinsu fari ne fat, marar nauyi, in ka ɗora shi a tafin hannu sai ka yi zaton ba ka riƙe komai ba. Inna, kamar yadda muke kiranta, takan ce a hannun mahaifinta ta gaje shi.

Sai da na yi nisa a karatun tarihi a jami'a kafin na gane ko mene ne farin aninin nan. Hutu na zagayowa na nufi Bodinga, na ce a fito mini da gwangwani. Inna ta dube ni, ta ce, “Ɗan nan, mi za ka yi da kuɗɗin da ba su sayen komi? Kawunka ya ba wani mai yawon sayen tsohon kaya.” Na tambayi nawa aka biya, aka faɗa mini. Kuɗin ba su kai na mudun gero biyu ba.

Dole in yi wa Kawu adalci. A idonsa ƙarfe ne da ya daina aiki tun kafin a haife ni, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa labarinsa. A zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake zaune a Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma yana Bodinga, wuri ne kuɗin kasuwa, wanda ake kwasowa tun daga tsibiran Maldif a tekun Indiya. Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, a 1907 kuma suka fara buga wa ƙasar nan kwabo da anini. Anini kashi ɗaya ne cikin goma na kwabo, an yi shi ƙanƙane ne domin ya maye gurbin wuri a cinikin gishiri da daddawa. An huda tsakiyarsa don a riƙa zurawa a igiya yadda aka saba yi da wuri, aka zana masa tauraro mai tsini shida, aka rubuta darajarsa da haruffan Larabci saboda su ne mutanenmu suka iya karantawa. Bugun farko da alminiyam aka yi shi, kuma yana cikin kuɗin farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe. Bai jure ba, don haka a 1908 aka sauya shi da gamin tagulla mai ƙarko. Wancan na farko shi ne farin aninin Inna. Kuɗi masu huji sun ci gaba da yawo, har bayan da Babban Bankin Nijeriya ya fitar da nasa a 1959. Naira da kwabon zamani ne suka kore su ranar 1 ga Janairun 1973, lokacin da kwamishinan kuɗi na tarayya ɗan maƙwabtanmu ne, Alhaji Shehu Shagari. Abin da ya rage mana shi ne sunan, a bakin mai cewa ba shi da ko anini.

Da na rasa na gida sai na shiga neman irinsa a intanet, inda masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi suke saye da sayarwa. Na same shi a wani dandalin gwanjo, a hannun wani ɗan kasuwa a Ingila, an ba da kwana bakwai. Wani abokina da ke karatu a can ya yarda in yi amfani da asusunsa. Ranar farko na taya, na zama na gaba. Wani ya ƙara, na ƙara. Kwana shida ina leƙawa safe da yamma ina ganin sunana a sama, har na fara tunanin yadda zan miƙa wa Inna. A daren ƙarshe ina zaune a ƙofar gida, waya a hannu, ina kallon agogon gwanjon yana ƙirga daƙiƙoƙi. Saura daƙiƙa huɗu, wani suna da bai taɓa fitowa ba cikin kwanakin nan bakwai ya bayyana, ya ɗara ni da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kafin in taɓa wayar an rufe.

Da fari na ɗauka an cuce ni. Da na zauna na bi diddigin al'amarin sai na tarar dabarar ta girmi intanet da shekaru fiye da 300. A Ingila ta ƙarni na 17 ana yin gwanjo da kyandir: a kunna guntu, a yi ta tayi, wanda ya yi magana ta ƙarshe kafin wutar ta mutu shi ne da kaya. Samuel Pepys, wani jami'in rundunar ruwan Ingila da ya shahara saboda littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, ya halarci gwanjon tsofaffin jiragen ruwa a watan Satumba na 1662. Ya ga yadda mutane suke nauyin baki tun wuta na ci, sannan su kaure da ihu in ta zo mutuwa. Ya kuma lura da wani mutum da ko yaushe shi ke yin tayin ƙarshe. Da ya tambaye shi sirrin, mutumin ya bayyana masa cewa ya gano hayaƙin lagwani yakan sunkuyo daidai lokacin da wuta za ta ɗauke, shi kuwa hayaƙin yake kallo. Mutumin da ya kayar da ni jikan wannan ne a sana'a, sai dai shi manhaja ce take kallar masa hayaƙin, ta jefa tayinsa a daƙiƙar da ya umarce ta.

Abin mamaki, tsarin gwanjon intanet an gina shi ne don kada jinkiri ya yi wa kowa amfani. A eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, mai saye yana rubuta iyakar abin da zai iya biya ne a ɓoye, kwamfuta kuma ta zama wakiliyarsa, tana ƙarawa kaɗan-kaɗan gwargwadon buƙata. Wanda ya yi nasara ba iyakarsa yake biya ba, ɗan abin da ya ɗara tayin na biyu kawai yake biya. A lissafi, kamata ya yi kowa ya rubuta gaskiyar iyakarsa tun ranar farko, ya tafi harkarsa. To, me ya sa gwanaye suke laɓewa sai ƙarshe?

Masana tattalin arziki biyu, Alvin Roth da Axel Ockenfels, sun bi wannan tambaya a wani nazari da suka wallafa a 2002. Sun kwatanta eBay, inda ake rufe gwanjo a kan ƙayyadadden lokaci, da gwanjon da Amazon yake yi a wancan zamani, inda ba a rufewa sai an yi minti goma babu sabon tayi. Suka tarar tayin daƙiƙar ƙarshe ya fi yawa nesa ba kusa ba a eBay, kuma a can gogaggu su suka fi jinkirtawa. Wani abin da suka gano shi ya fi taɓa ni: jinkirin ya fi yawa a gwanjon kayan tarihi a kan na kwamfutoci. Farashin kwamfuta kowa na iya dubawa. Darajar tsohon abu kuwa sai masani, kuma da zarar masani ya taya da wuri ya tona asirin kansa, domin sauran za su ce lallai akwai wani abu a nan, su bi sahunsa. Shirunsa na kwana bakwai ɓoye ilimi ne. Ni kuma da na yi ta ƙari kullum, na nuna wa duniya cewa ina so, kuma ni irin mutumin nan ne da in an ɗara shi zai sake ƙarawa. Maganin irina shi ne a hana shi lokacin ramuwa.

Bayan haka ne na raka Kawu kara a Shagari zai sayar da rago, na tsaya ina kallon abin da na saba gani tun ƙuruciya da sabon ido. Dillali ya riƙe igiya, mai saye ya taya, aka ce albarka. Ya ƙara, aka sake cewa albarka. Ya juya kamar zai tafi, wani ya matso ya shafa gadon bayan ragon ya faɗi nasa, na farko ya dawo. Babu agogo a nan, babu kyandir. Ciniki ba ya ƙarewa sai mai kaya ya ce ya sallama, kuma ba zai faɗa ba muddin yana hango wani bakin da bai rufe ba. Wato kasuwarmu ta fi kama da tsarin minti goma, shi ya sa mai jiran daƙiƙar ƙarshe ba shi da abin jira a kara.

Wannan tsari yana da tushe a littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar Sakkwato suka daɗe suna biyawa, ta hana mutum ya shiga cinikin ɗan'uwansa, amma ta fayyace cewa hanin yana farawa ne idan masu cinikin sun karkata ga juna sun kusa daidaitawa, ba a farkon tayi ba. Haka kuma shari'a ta hana kore, wato mutum ya ƙara kuɗi ba don yana son kaya ba sai don ya ingiza wani. Malamanmu sun damu ƙwarai da wannan ɗan taƙin da ke tsakanin tayi da sallamawa. Ɗan kore ma bai mutu ba, ya bi mu har intanet da sunan aro, kuma yana cikin dalilan da suke sa wasu ɓoye tayinsu: wanda bai nuna iyakarsa ba, ba a samun abin da za a ingiza shi da shi.

Duk da haka ba zan ce kasuwarmu ta fi tasu tausayi ba, don a tsakar gidanmu aka sallama gwangwanin Inna. Mai yawon sayen tsohon kaya bai jira daƙiƙar ƙarshe ba saboda ba shi da abokin takara. Amma makaminsa ɗaya ne da na wanda ya kayar da ni: ya san abin da ke hannunsa, ya yi shiru. Na fi jin zafin wannan a kan wancan, domin a gwanjon Ingila masana biyu ko uku sun yi gogayya har kaya ya kusanci darajarsa, a Bodinga kuwa mutum ɗaya ne kawai ya san darajar, kuma shi ne mai saye. Ina yawan tunanin takardun ajami, da tsofaffin takubba da sirada, da suke fita daga gidajenmu ta wannan ƙofa.

Bayan wata biyar wani anini ya fito, na 1936, mai ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a watan Disambar shekarar tun ba a yi bikin naɗinsa ba. Ba shi da tsada, don an buga shi da yawa. Wannan karon ban ce uffan ba har kwana bakwai. Na yanke iyakata tun da rana, na rubuta a takarda don kada zuciya ta ɗebe ni, na nemi wurin da waya take kamawa sosai, na jira. Saura daƙiƙa shida na tura. Wanda ya kwana shida a sama, ko wane ne shi, bai sami damar ramawa ba.

Abokina ya zo da shi da ya dawo hutu, na kai wa Inna. Ta juya shi a hannu, ta kai shi kusa da ido, ta auna nauyinsa a tafinta. Ta ce, “Wanga ba nawa ba ne, nawa ya fi shi haske.” Sannan ta kwance bakin zanenta ta ƙulle shi a ciki.