Gwajin tsiron iri: yadda za ka san lafiyar irinka kafin ruwan shuka

Gwajin tsiro hanya ce da manomi zai gane ko irin da ya ajiye, ko wanda ya sayo a kasuwa, yana da rai. Ido kaɗai ba ya nuna haka. Hatsi na iya yin kyau a tafin hannu, alhali zafi, ko damshi, ko ƙwari sun riga sun kashe shi a rumbu. In ba a gwada ba, sai bayan an yi shuka ake ganin gona ta fito gurbi-gurbi, ga ruwan farko ya wuce, ga kuɗin sabon iri.

Masu bincike na INRAN a Maradi da na ICRISAT a Sadore kusa da Yamai suna yin irin wannan gwaji a ɗakin bincike. Amma kowa zai iya yin sa a gida, ba sai ya yi lakwal ba.

Abin da ake buƙata

Ƙwarar iri 100, tsumma mai tsabta ko yankin buhun algarara, ruwa, da wuri mai inuwa.

Yadda ake yi

1. Ɗebo iri daga sama, da tsakiya, da ƙasan buhu, ka gauraya. Ƙirga ƙwara 100 yadda suka zo. Kada ka zaɓi masu kyau, don in ka zaɓa kanka ka cuta.
2. Jiƙa tsumman, ka matse shi har ya daina ɗiga.
3. Jera ƙwayoyin layi 10, kowane layi ƙwara 10. Naɗe tsumman a hankali kamar tabarma.
4. Ajiye a inuwa, inda kaji da ɓera ba za su kai ba. Yayyafa ruwa safe da yamma, kada ya bushe, kada kuma ya kwanta cikin ruwa.
5. Buɗe ka ƙirga: hatsi bayan kwana 7, wake kwana 8, dawa da gyaɗa kwana 10. Wanda ya fitar da saiwa da tsiro masu lafiya shi kaɗai ake ƙirgawa.

Yadda ake karanta sakamako

In 80 ko fiye suka tsira, iri ya yi, shuka yadda ka saba. Tsakanin 60 da 80, sai ka ƙara yawan iri a rami. Misali, irin da ya ba da 60, in kana son ya yi daidai da mai ba da 90, inda kake zuba tiya 2 sai ka zuba tiya 3. In kuwa bai kai rabi ba, to, nemi wani tun da wuri.

Gwada iri biyu

Kana so ka san tsakanin naka da na kasuwa wanne ya fi? Yi musu tsumma iri ɗaya, ruwa ɗaya, wuri ɗaya, rana ɗaya. Irin kaɗai zai bambanta. In ka sa ɗaya a rana ɗaya a inuwa, ba za ka san ko iri ne ko zafi ne ya jawo bambancin ba. Zai fi kyau ka yi naɗi biyu ko uku na kowanne, don sau ɗaya yana iya zama dace.

Abin da gwajin ba ya faɗi

Yana nuna rai ne kawai. Ba ya gaya maka ko hatsin mai saurin nuna ne kamar HKP, ko zai jure fari. Wannan sai a tambayi malamin gona.

A yi gwajin a watan 4 ko farkon watan 5, domin a samu sararin canja iri. 'Yan'uwa da ke ƙetare masu aiko kuɗin iri, ku ce wa na gida su fara sayen kaɗan su gwada kafin su ɗauki buhu. Allah ya ba mu damina mai albarka.